Kurket: wasan da rigima ta rubuta wa dokoki

A watan Satumba na shekarar 1771, a wani fili da ake kira Laleham Burway a kudancin Ingila, wani ɗan wasa mai suna Thomas White ya shigo fagen kurket riƙe da katakon bugu wanda faɗinsa ya kai faɗin turakun da aka ɗora masa alhakin karewa. Ya dasa katakon a gabansu, sai ya zamana babu ta inda ƙwallo za ta bi ta taɓa su. 'Yan ƙungiyar Hambledon, waɗanda su ne abokan karawar ranar, sun yi ta ƙorafi, amma mutumin bai karya wata doka ba, domin har zuwa lokacin babu wanda ya taɓa tunanin cewa sai an faɗi iyakar faɗin katako. Bayan wasan sai manyan 'yan Hambledon suka sa hannu a takarda cewa faɗin katako ba zai ƙara wuce inci huɗu da kwata ba, aka shigar da hakan cikin dokokin 1774. Yau, bayan shekara fiye da 250, wannan ma'auni na santimita 10.8 shi ake bi daga Landan har Lahore.

Na fara da wannan labari ne saboda a ganina shi ne mabuɗin kurket gaba ɗaya. Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa, mai dokoki 17 da yaro ke gane manufarta cikin minti biyar, idan ya ci karo da kurket a talabijin yakan ga mutane sanye da fararen kaya suna tsaye cikin rana, wani ya rugo ya yi jifa, wani ya tare, a yi ta yi har kwana biyar, daga ƙarshe a ce babu wanda ya ci. Dokokin wasan 42 ne, kuma ba wani mai hikima ne ya zauna rana guda ya tsara su ba. Da yawa daga cikinsu suna da ranar haihuwa da kuma wanda ya jawo su: ko dai wani ya yi wayo, ko an zuba kuɗin caca an yi rigima, ko wani ya ji rauni, sai a ƙara layi ɗaya a littafi domin kada a maimaita. Wanda ya san rigimar da ta haifi doka, dokar ba za ta ba shi wahala ba.

Ƙashin bayan wasan ba shi da sarƙaƙiya. Ƙungiyoyi biyu ne, kowace da mutum goma sha ɗaya, a fili mai faɗi wanda aka kewaye da igiyar iyaka. A tsakiyarsa akwai wani siririn daɓe mai tsawon yadi 22, wato mita 20.12, kuma a kowane ƙarshensa an kafa turaku uku masu tsayin santimita 71, an ɗora musu 'yan guntayen itace biyu a ka ba tare da an manna ba. Wannan shi ake kira wikit. Ƙungiyar da ke bugu tana tura mutum biyu kawai, ɗaya a kowane ƙarshen daɓe, ita kuwa ɗayar tana baza duk mutanenta a fili: ɗaya yana jifa, ɗaya yana tsugune a bayan turaku da safar hannu, sauran tara suna jiran tare ƙwallo. Mai jifa yana neman ya kayar da turaku, mai bugu yana kare su, yana kuma neman maki. Idan ya doki ƙwallon ta yi nisa, shi da abokinsa sai su ruga su yi musayar wuri, kowace musaya maki ɗaya. Idan ƙwallo ta gangara har ta kai igiyar iyaka maki huɗu ke nan, idan kuwa ta tsallake ta a sama ba tare da ta taɓa ƙasa ba, maki shida. Bayan jifa shida, wanda ake kira oba, sai wani mai jifan ya karɓa daga ɗaya ƙarshen.

Abin da ya bambanta kurket da yawancin wasanni shi ne mai bugu rai ɗaya gare shi. Ba dole ba ne ya gudu idan ya doki ƙwallo, ba dole ba ne ma ya doke ta, kuma muddin ba a fitar da shi ba yana nan, ko da zai kwana biyu yana bugu. Brian Lara, ɗan tsibirin Trinidad, ya ci maki 400 shi kaɗai a kan Ingila a Antigua cikin 2004 ba tare da an iya fitar da shi ba. Amma kuskure ɗaya ya isa ya mayar da gwani ɗaki tun daga ƙwallon farko, ya zauna yana kallon abokansa har tsawon yini. Ana fitar da shi idan ƙwallo ta doki turaku har guntayen itacen suka faɗo, ko wani ya cafe abin da ya doka kafin ya taɓa ƙasa, ko aka kayar da turaku yana tsakiyar gudu bai kai layi ba, ko ya fito daga layinsa domin ya tari ƙwallo ya kuskure ta, na bayan turaku ya riga shi. Da an fitar da mutum goma zangon ƙungiyar ya ƙare, saboda na sha ɗayan ba shi da abokin musaya, sai a juya, masu jifa su koma bugu. Akwai kuma wata ƙa'ida da ke ba baƙo mamaki: alƙalin wasa ba ya yanke hukuncin fitar da kowa sai abokan hamayya sun roƙe shi, wanda shi ya sa ake ganin mutum goma sha ɗaya sun juya gaba ɗaya sun ɗaga hannuwa suna ihu. Shi kuwa amsarsa yatsa ɗaya ce, ya ɗaga ko ya ƙi.

Asalin wasan yana yankin da ake kira Weald, ƙasar dazuzzuka da makiyayan tumaki da ta ratsa gundumomin Kent da Sussex da Surrey a kudu maso gabashin Ingila. Shaida mafi tsufa da aka amince da ita ba daga filin wasa ta fito ba, daga kotu ta fito. A watan Janairun 1598 ana shari'ar wani fili a garin Guildford, sai wani jami'i mai suna John Derrick, ɗan shekara 59, ya rantse cewa tun yana ɗan makaranta, kimanin shekara hamsin kafin nan, shi da abokansa suna buga wannan wasa a filin da ake gardama a kai. Ke nan a wajajen 1550 wasan yara ne. A 1611 kuwa an ci tarar wasu maza biyu a ƙauyen Sidlesham na Sussex saboda sun tafi kurket ranar Lahadi maimakon coci, abin da ke nuna manya sun riga sun karɓe shi daga hannun yara. Masana harshe suna danganta sunan da tsohuwar kalmar Ingilishi ko ta Holanci mai nufin sanda, kuma kalmar wikit a asalinta ƙaramar ƙofa ce irin ta shingen tumaki. Ko tsawon daɓen ma daga gona ya fito, domin yadi 22 daidai yake da sarƙar awon ƙasa da Edmund Gunter ya fito da ita a 1620, wadda masu awon gonaki ke yawo da ita ƙauye-ƙauye. Maki kuwa a jikin kara ake tsaga shi da wuƙa, tsaga ɗaya maki ɗaya.

Tun a wannan zamani aka fara biyan kuɗin doka da jini. A 1624, a ƙauyen Horsted Keynes, wani mai bugu ya doki ƙwallo ta tashi sama, sai ya sake kai mata duka domin kada a cafe, katakon ya sami kan wani mai tare mai suna Jasper Vinall, wanda ya mutu bayan kwanaki. Dokar da ta hana dukan ƙwallo sau biyu, in ba don kare turaku ba, tana nan a littafi har yau, ko da yake da wuya a ga an fitar da wani ta wannan hanya.

Abin da ya mayar da wasan ƙauye ya zama mai rubutacciyar doka shi ne caca. Bayan dawowar sarauta a Ingila a 1660, masu sarauta da manyan masu gonaki sun gano cewa kurket abu ne da za a iya zuba kuɗi a kansa, har wata jarida ta ba da labarin wani wasa a Sussex a 1697 wanda aka sa gini hamsin, kuɗin zinariya na lokacin. Inda kuɗi ya shiga kuwa, fatar baki ba ta isa ba. A 1727 wani basarake, Duke na Richmond, da wani Alan Brodrick suka rubuta yarjejeniya kafin ƙungiyoyinsu su kara, suka fayyace wanda zai yi alƙalanci da abin da ya halatta, sannan a 1744 aka fitar da kundin dokoki mafi tsufa da ya iso hannunmu. Masu kuɗin nan sukan ɗauki gwanayen ƙauye aiki a matsayin masu kula da lambu ko dawaki domin kawai su riƙa buga musu wasa. Daga nan aka gaji rabuwar da ta daɗe a kurket ɗin Ingila tsakanin 'ya'yan manya masu wasa don nishaɗi da talakawa masu wasa don albashi, waɗanda a filaye da dama ɗakin sauya kayansu daban, ƙofar shigarsu fili daban, kuma ba a soke wannan bambanci ba sai a 1962. Galibi maigida ne ke bugu, bara ke jifa, kuma ina zargin cewa wannan ne ya sa al'adar alƙalanci ta ginu a kan cewa idan akwai shakka, mai bugu ake bai wa gaskiya.

Ƙungiyar Hambledon, ta wani ƙauye a Hampshire, ita ce ta yi tashe daga shekarun 1760 zuwa 1780, kuma a zamaninta wasan ya ɗauki kamannin da muka sani. Kafin nan mirgina ƙwallo ake yi a ƙasa, katakon kuma mai lanƙwasa ne kamar sandar hoki domin ya shari abin da ke gangarowa. Da masu jifa suka fara cilla ta a iska ta dira ta yi tsalle, sai aka koma miƙaƙƙen katako. Turaku kuwa biyu ne, da guntun itace ɗaya a kansu, har zuwa wani wasa a Landan a 1775 inda Lumpy Stevens, gwanin jifa na zamanin kuma mai kula da lambun wani basarake, ya wuce John Small na Hambledon har sau uku, kowane karo ƙwallon na bi ta tsakanin turakun biyu ba ta taɓa komai ba. Kowa ya ga an zalunci mai jifa, sai aka ƙara turke na uku a tsakiya. A 1787 wani ɗan kasuwa mai suna Thomas Lord ya buɗe fili a Landan, aka kafa ƙungiyar Marylebone, wadda aka fi sani da MCC, ta sake tsara dokoki a 1788, kuma har gobe wannan ƙungiya mai zaman kanta ita ce mai riƙe da littafin dokokin kurket na duniya, daga filin Lord's da ta koma a 1814.

Labarin hannun mai jifa shi kaɗai ya isa ya nuna yadda doka ke bin bayan aiki. Masu jifa sun riƙa ɗaga hannu kaɗan-kaɗan suna neman ƙarin gudu, hukuma tana hanawa, suna ci gaba, har ta gaji ta halatta jifa daga daidai kafaɗa a 1835. Suka sake ɗagawa. A 1862, a filin Oval na Landan, alƙali ya soke jifan Edgar Willsher sau shida a jere saboda hannunsa ya wuce kafaɗa, shi kuwa ya yar da ƙwallon ya fice daga fili, sauran 'yan albashin ƙungiyarsa suka bi shi. Bayan shekara biyu, a 1864, aka halatta jifa daga saman kai, wanda shi ne ake gani yau. Sharaɗi ɗaya ya rage, wato kada mai jifa ya lanƙwasa gwiwar hannu sannan ya miƙe ta kamar mai jifan tsuntsu da dutse. Hannun zai zagayo ne a miƙe. Wannan ma bai tsira ba. A Melbourne, a ƙarshen 1995, alƙali Darrell Hair ya soke jifan Muttiah Muralitharan na Siri Lanka sau bakwai, aka yi ta cacar baki, aka kai mutumin ɗakin gwaji, sai na'urori suka nuna cewa kusan kowane mai jifa yana ɗan miƙe gwiwar hannu fiye da yadda ido ke iya gani. Tun daga 2005 an yarda da miƙewar da ba ta wuce digiri 15 ba, shi kuwa Muralitharan ya yi ritaya bayan ya fitar da mutum 800 a manyan wasannin ƙasashe, adadin da babu wanda ya kai.

Dokar da ta fi kowace jawo gardama ita ce ta sa ƙafa a gaban turaku. Da katako ya miƙe, masu bugu suka fara tsayawa kusa da turaku, wasu suka gane cewa ƙafa ma tana tare ƙwallo, sai dokokin 1774 suka ce wanda ya yi haka da gangan ya fita. Wahalar ita ce alƙali yana hukunci ne a kan abin da bai faru ba: da ƙafar ba ta tare ba, shin ƙwallon za ta doki turaku? Sannan akwai sharuɗɗa. Idan ƙwallon ta dira ta wajen layin turaku a ɓangaren da ƙafafun mai bugu suke, ba za a fitar da shi ba ko da za ta doki turke na tsakiya. Idan ta same shi a wajen layin ta ɗaya ɓangaren, yana tsira matuƙar ya yi yunƙurin dukanta da gaske. Wannan magana ta yunƙuri tana da nata tarihin. A Birmingham a 1957, Peter May da Colin Cowdrey na Ingila sun rasa yadda za su yi da jifan Sonny Ramadhin na ƙungiyar tsibiran Karibiyan, sai suka koma miƙa ƙafa gaba suna tare ƙwallo da matashin ƙwauri, suka haɗa maki 411 tsakaninsu, shi kuwa ya yi jifan oba 98 a zango ɗaya yana roƙon alƙali a banza. A farkon shekarun 1970 aka toshe wannan ƙofa. Tun daga 2008 kuma aka fara barin 'yan wasa su ƙalubalanci hukunci, kwamfuta ta zana hanyar da ƙwallo za ta bi, amma idan abin ya zo a gaɓa, hukuncin alƙalin fili ake bari, don haka gardamar ba ta mutu ba, wuri kawai ta sauya.

Da daular Birtaniya wasan ya yaɗu, ta hannun sojoji da ma'aikatan mulki da makarantun mishan, ya kafu a Indiya da Ostireliya da Afirka ta Kudu da tsibiran Karibiyan, ya kuma taɓa Afirka ta Yamma, inda har yanzu ake buga shi a Legas, kuma 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke Niyu Zilan a gasar duniya a Malesiya cikin Janairun 2025. Abin mamaki shi ne wasan farko tsakanin ƙasa da ƙasa Amurka da Kanada ne suka buga shi, a birnin Niyu Yok a 1844. Babban wasan ƙasashe da ake kira Tes ya fara ne a Melbourne a watan Maris na 1877, inda Ostireliya ta doke Ingila da maki 45. Da Ostireliya ta sake doke Ingila har gidanta, a Oval a 1882, wata jaridar Landan ta buga sanarwar ta'aziyya ta ba'a cewa kurket ɗin Ingila ya rasu, za a ƙone gawar a kai tokar Ostireliya, kuma daga nan gasar ƙasashen biyu ta samo sunan da ake kiranta da shi, wato Toka.

A wasan Tes kowace ƙungiya tana da zango biyu cikin kwana biyar, kuma a nan ne baƙo ya fi ruɗewa, domin yawan maki kaɗai ba ya ba da nasara. Sai ka fi abokin karawarka maki, sannan ka fitar da mutanensa goma a zangonsa na ƙarshe kafin lokaci ya ƙare. Idan ka kasa, ko da ka fi shi da maki 300, an tashi babu gwani. Saboda haka ƙungiyar da ta ga ba za ta ci ba tana iya komawa kare turaku kawai har rana ta faɗi, kuma mutum biyu na ƙarshe da suka jure awa guda suna tarewa sukan fita fili kamar waɗanda suka ci yaƙi. Saboda haka ne kuma aka ba kyaftin damar ya rufe zangonsa da kansa tun mutanensa ba su ƙare ba, domin ya sami lokacin fitar da abokan hamayya, yana auna maki da sa'o'i da gajimare. An taɓa gwada wasa marar iyakar kwanaki. A Durban a watan Maris na 1939, Ingila da Afirka ta Kudu suka fara ranar 3 ga wata, har ranar 14 ba a gama ba. Ingila tana da maki 654, saura 42 ta ci, sai ruwa ya sauko, jirgin ruwan da zai mayar da 'yan wasanta gida kuma yana jira a Cape Town, dole aka tashi babu gwani. Daga wannan ba a sake yi ba.

Tsawon lokacin nan yana da ma'ana saboda kayan wasan kansu suna tsufa a idon mai kallo. Ƙwallon, mai nauyin gram 156 zuwa 163, toshiya ce aka naɗe da zare aka rufe da fata, da ɗinki mai tudu a tsakiya, kuma ita ɗaya ake amfani da ita har oba 80 kafin a ba da sabuwa. Tana sabuwa masu jifan gudu ke cin kasuwarsu, wasu suna kai kilomita 150 a awa. 'Yan wasa sukan yi ta goga gefe ɗaya a wando har ya yi sheƙi, su bar ɗayan ya yi kaushi, domin bambancin ne ke sa ta karkace a iska. Jan tabon da ake gani a cinyar farin wando daga nan yake. Daɓen ma yana bushewa yana tsagewa, ta yadda a kwana na huɗu da na biyar masu murɗa ƙwallo da yatsu ke samun abin da suke so. Goge ƙwallo da gumi halal ne, kankare ta haram ne, kuma a Cape Town a 2018 kyamara ta kama Cameron Bancroft na Ostireliya da guntun takardar goge katako, aka dakatar da kyaftin Steve Smith da mataimakinsa David Warner shekara guda. Ko miyau, wanda aka yi shekara da shekaru ana shafawa, an hana shi a 2020 saboda annobar korona, dokar ta zama ta dindindin a littafin MCC a 2022.

Turawan Ingila suna son cewa kurket yana da ruhi wanda ya wuce rubutacciyar doka, amma tarihi ya nuna cewa duk lokacin da nasara ta yi tsada, ruhin ba ya hana komai sai an mayar da shi doka. A gasar Toka ta 1932 zuwa 1933, kyaftin ɗin Ingila Douglas Jardine ya rasa yadda zai yi da Don Bradman, gwanin bugu na Ostireliya, wanda ya ƙare rayuwar wasansa da matsakaicin maki 99.94, sai ya umarci mai jifansa na gudu Harold Larwood ya riƙa auna jikin masu bugu, ya kuma tara masu cafewa a ɓangaren ƙafa suna jiran abin da zai fallatso daga katakon mai kare kansa. An fasa kan wani, an daki wani a ƙirji, har maganar ta kai ga gwamnatocin ƙasashen biyu. Daga baya aka ba alƙalai ikon hana jifan tsoratarwa, aka kuma taƙaita masu tsayawa a bayan mai bugu ta wannan ɓangare zuwa mutum biyu. A watan Fabrairun 1981 kuma, Niyu Zilan tana buƙatar maki shida daga ƙwallon ƙarshe domin ta yi kunnen doki, sai kyaftin ɗin Ostireliya Greg Chappell ya ce wa ƙanensa Trevor ya mirgina ƙwallon a ƙasa irin ta kakanni. Babu yadda za a ɗaga ƙwallo mai gangarowa ta tsallake igiya, mai bugun ya tare ta ya yi jifa da katakonsa don takaici, kuma ba da jimawa ba aka haramta wannan jifa.

Wasan na 1981 na yini ɗaya ne, nau'in da aka ƙirƙiro saboda 'yan kallo sun daina zuwa na kwanaki. An fara shi a gundumomin Ingila a 1963, ƙasashe suka ɗauka a 1971, mata suka yi gasar duniya ta farko a 1973, maza suka biyo baya a 1975. A nan kowace ƙungiya zango ɗaya gare ta mai oba 50, wanda ya fi maki ya ci. A 2003 aka sake gajarta shi zuwa oba 20, wasan awa uku da ɗoriya, wanda gasar Indiya ta IPL ta mayar da shi babbar kasuwa daga 2008, kuma shi ne za a buga a gasar Olamfik ta Los Angeles a 2028. Sai dai gajarta wasa ya zo da tasa matsalar, wato ruwan sama. A wasan kusa da na ƙarshe na gasar duniya ta 1992 a Sydney, Afirka ta Kudu tana neman maki 22 daga ƙwallo 13, ruwa ya tsayar da wasa na 'yan mintoci, da aka dawo allon fili ya nuna 22 daga ƙwallo ɗaya. Wannan abin kunya ne ya sa masana lissafi biyu, Frank Duckworth da Tony Lewis, suka tsara hanyar da ke auna abu biyu da ƙungiya ke da su a hannu, sauran ƙwallaye da sauran mutanen da ba a fitar ba, wadda da ita ake gyara maki idan ruwa ya katse wasa.

Misali mafi kusa ya faru ne a filin Lord's kansa, ranar 14 ga Yulin 2019, a wasan ƙarshe na gasar duniya tsakanin Ingila da Niyu Zilan. A obar ƙarshe Ben Stokes na Ingila ya yi nutso domin ya kai layi, ƙwallon da aka jefo daga nesa ta daki katakonsa ba da saninsa ba ta gangara har igiya, alƙali ya ba da maki shida, daga baya ya amsa cewa biyar ya kamata. Ƙungiyoyin suka tashi 241 da 241. Aka ba kowace ƙarin oba ɗaya ta raba gardama, suka sake tashi 15 da 15. Sai aka buɗe takardar ƙa'idojin gasar, aka tarar da wani layi da kusan babu wanda ya taɓa kula da shi, wanda ya ce a irin wannan hali ƙungiyar da ta fi yawan kai ƙwallo igiya ita ta ci. Ingila tana da 26, Niyu Zilan 17, aka miƙa wa Ingila kofinta na farko na wannan gasa ta maza ba tare da ta fi abokiyar karawarta ko da maki ɗaya ba. Wata uku bayan haka hukumar kurket ta duniya, ICC, ta soke wannan layi, ta ce daga yanzu za a yi ta maimaita obar raba gardama har sai an sami wanda ya ci, kuma a Janairun 2024, a birnin Bengaluru, sai da Indiya da Afganistan suka buga ta sau biyu kafin a tashi.